Wai sai da lasisi ake sayen mota a gwanjon Amurka daga nan Maraɗi?

Ɗan Zariya:

Salamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lahiya, ya zahi ya kasuwa. Ina da tambaya, don Allah wanda ya san abin ya hiddo min shi hili tsakaninshi da Allah, saboda maganar kuɗɗin da na daɗe ina tarawa ce.

Ni sana'ata saida fiyas na mota, ina da ɗan shago nan cikin gari shekara 8 kenan, ina da rajistar kasuwanci ina da NIF wato lambar biyan haraji kuma ina biyan impo duk shekara. Na samu na tara kamar miliyon 6 na sefa, da niyyata in aika Lome a kawo min RAV4 in ɗan hau, in abin ya yi kyau in saida in ƙara juyawa. To sai wani yaro abokin ƙanena da ke karatu jami'a ya nuna min Copart, wani kamfanin gwanjon motoci na Amurka, a wayarshi, ya ce ai da yawa cikin motocin Amurka da muke gani a Lome da Kwatano daga irin wanga gwanjo suke hitowa, masu hatsari ne ake saye a gyara a yi musu fenti, mi zai hana ni ma in saya da kaina in tsallake ribar mutum uku. Wallahi maganar ta shige ni. Na buɗe shahin na yi rajista ina kallon hotuna kusan sati biyu, har dare ina kai, sai na ga wata RAV4 ta 2015 da aka buge ta gaba kaɗan, da na zo in taya sai ya nuna min ba ni da izini, wagga sai mai lasisi. Amma wata Camry a wani gari dabam ya nuna kowa na iya tayawa. Nan ne kaina ya ɗaure, kamfani ɗaya ne, mi ya sa wata a ce sai lasisi wata a ce babu?

To wane lasisi ne suke nuhi, namu na nan ko nasu na can? In nasu ne ina ake samunshi? Don akwai wani da aka haɗa ni da shi ta WhatsApp ya ce in tura mishi jika 300 zai yi min lasisin dila na Amurka cikin sati biyu, har ya turo min hoton wata takarda da turanci mai hatimi. Ban tura ba tukun, na ce bari in tambayi manya. Na gode, Allah shi saka da alheri.

Bakatsine:

Wa alaikumus salam. Malam kada ka tura ko sisi. Babu wanda zai zauna a WhatsApp ya yi maka lasisin dilan mota na Amurka, mu nan Katsina yaran da ke wannan harkar duk ta hannun dillali mai rajista suke bi, su biya shi la'adarsa ya taya musu da lasisinsa shi ke nan. Ka jira masu yi su zo su yi maka bayani dalla-dalla, amma dai kuɗin nan ka riƙe abinka.

Baban Hadiza:

Wa alaikumus salam ƙanena, ka kyauta da ka tambaya kahin ka tura. Ni ina wagga harka tun kahin korona, bari in gaya maka abin da na sani, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Maganar jika 300 ɗin nan, Bakatsine ya yi gaskiya. Lasisin dila a Amurka jiha ce ke bada shi, kuma sai kana da wurin sana'a na gaske cikin jihar, da adireshi, da takardar lamuni daga kamfanin asirans wadda ke tsaya maka in ka cuci wani, wasu jihohin har sai an zo an duba wurin da ido. Kai da ke Maraɗi ba ka da ko ɗaya cikin waɗannan. Mutumin naka ko dai takardar bogi zai ba ka, ko ya ba ka lambar sirrin asusun wani ka shiga ka taya, ranar da mai asusun ya canza lamba kai da kuɗɗinka da motar duk kun rabu, kuma babu inda sunanka ya hito balle ka kai ƙara.

Yanzu ga abin da ya ɗaure maka kai. Amurka jihohi 50 ne, kowace da tata dokar kan wa ke da izinin sayen motar da asirans ta yanke ma hukuncin ta lalace. Copart da IAA, wani kamfanin gwanjo irinshi, ba su ne suka ƙirƙiro sharaɗin ba, dokar jihar da motar take AJIYE suke bi, ba inda kai mai saye kake ba. Abu na biyu da suke dubawa irin takardar mallakar motar, wadda muke ce ma taitil, kamar karti giri ɗinmu ce. Akwai mai tsabta wadda ba a taɓa yanke ma motar hukunci ba, akwai salbej wato asirans ta ga kuɗɗin gyara ya kusa ko ya wuce darajar motar sai ta biya mai ita ta karɓe ta kai gwanjo, akwai kuma wadda ta hi muni, za ni zo kanta. To shi ya sa ka ga Camry ta buɗe maka RAV4 ta ƙiya, ko jiharsu ba ɗaya ba ko takardarsu ba iri ɗaya ba. Wasu jihohi suna da tsauri ƙwarai, kamar Wiskonsin sai kana da wani katin mai sayen salbej da hukumarsu ke badawa, Mishigan kuma in kai ba ɗan jihar ba ne akwai lasisi na musamman da baƙon dila zai nema. Ni irin waɗannan jihohi ko kallonsu ban yi, ga su kuma nesa da bakin teku. A cikin Copart akwai wurin da za ka latsa ya tace maka motocin da ba su buƙatar lasisi su kaɗai, fara daga nan ka huta da ɓacin rai. Shi kuma Manheim da za ka ji ana faɗi, gwanjon diloli ne, motocinshi sun hi lahiya amma yawanci ba a shiga sai da lasisin dila.

Hanyar da mutum irinka zai bi, ta farko ka shiga da sunanka da fasfo ɗinka, ka biya kuɗɗin zama memba na shekara, don rajistar kyautar da ka yi ta kallo ce kawai. Da wannan waɗanda aka buɗe ma kowa kaɗai za ka taya, kuma ka sani ana iya ɗora maka harajin saye na jihar tunda ba a ɗauke ka ɗan kasuwa ba. Ta biyu ita ce nike bi kuma ita nike ganin ta dace da kai tunda kana da takardu: ka shiga a matsayin kamfanin waje mai hidda kaya. Nan ne takardunmu na Nijar ke aiki, RCCM ɗinka wato rajistar kasuwanci, da NIF. Ni da na tura nawa sai da na kai aka fassara su da turanci wurin mai fassara da ke da hatimi, kuma sunan da ke kan fasfo da na kan rajista sai sun yi daidai harafi da harafi, ka san matsalarmu, wani wuri Mahamadou wani wuri Mamane wani wuri Mohamed, in suka ga bambanci mayar maka za su yi. Kuma ka duba abin da aka rubuta a matsayin sana'arka cikin rajistar, in babu maganar motoci ko shigo da kaya ka tahi Shambar da Komes wurin masu yin takardun kamfani a ƙara maka. Wagga hanya tana buɗe maka motoci da yawa amma ba duka ba, jihohi masu tsauri suna nan a ruhe. A Teksas ma doka ce, in aka saida ma baƙo motar salbej don hita waje sai an buga hatimi kan taitil ɗin cewa ta hita ce kaɗai, ba za ta ƙara hawa titin Amurka ba, mu wannan bai dame mu ba tunda dama hiddo ta za mu yi.

Ta ukku dillali, buroka. Shi yana da lasisin, shi ke saye da sunanshi sannan ya juya maka takarda, kai ka biya la'ada kan kowace mota da kuɗɗin ajiya na kahin alƙalami. Babu laihi a ciki, don motar farko ma ita ce ta hi sauƙi, amma sai wanda sunanshi ke cikin jerin dillalan da kamfanin gwanjon ya wallafa a shahinshi. Wanda ka gani TikTok yana nuna makullai bai isa shaida ba.

Ko ta wace ka bi, ba a barinka ka taya da baki, sai ka ajiye kamar kashi 10 cikin 100 na iyakar abin da kake son tayawa. In ka ci gwanjo kwanaki kaɗan gare ka ka biya, in ka yi jinkiri tara, in ka fasa tara mai nauyi, in motar ta wuce kwanakin da aka ba ka a hilinsu kuɗɗin kwana na hawa kullum. Kuma ba duk wadda ka hi kowa tayi ake sallama maka ba, wasu sai mai ita ya yarda, yana iya cewa albarka kamar dai a kasuwar Tibiri. Gwanjon gabashin Amurka da ake buɗewa ƙarhe 10 na sahiyarsu, nan ƙarhe 3 ko 4 na marece ne, gwargwadon lokacin shekara, ka tabbata intanet ɗinka na da ƙarhi a wannan lokacin don daƙiƙu ne ake saida mota.

Sai takardar da na ce za ni zo kanta, kuma ni a wurina ta hi lasisin muhimmanci. Duwan ɗin Amurka ba ta barin mota ta hau jirgi sai an kai mata taitil na asali aƙalla awa 72 kahin hita, kuma sai wakilin jigila ya shigar da bayanin hiddawar cikin na'urarsu. To akwai motocin da ba su da taitil sam, rasit ɗin saye kaɗai gare su, akwai waɗanda aka rubuta ma na fiyas ne kawai ko ba ta gyaruwa, a Fulorida kuma akwai takardar rusawa. Irin waɗannan su ne masu arahar da ke jan ido. Wasu ana iya hiddo su da wahala a kontena, wasu ba su hita ko kaɗan. Kahin ka taya kowace mota ka ɗauki hoton layin da aka rubuta irin takardarta ka tura ma mai jigilarka ka ce wagga tana hita ta tashar kaza? In bai ce e a rubuce ba, bar ta.

Ɗan Zariya:

Allah shi ƙara girma yaya, wallahi ka warware min abin da sati biyu na kasa ganewa. Na koma na duba, gaskiyarka, RAV4 ɗin a Mishigan take. To amma in ce na taya mota dala 4,000 ta Amurka, kenan ba 4,000 ɗin zan biya ba? Ina son in san ko miliyon 6 ɗina za ta kai ta har Maraɗi ko in haƙura.

Baban Hadiza:

A'a ƙanena, 4,000 kuɗɗin tayi ne kawai. Kan shi akwai la'adar kamfanin gwanjo wadda ke hawa gwargwadon farashin, da kuɗɗin tayi ta intanet, da kuɗɗin hidda ta daga ƙofa, da na dillali in ka bi ta wurinshi. A ƙaramar mota waɗannan kaɗai suna iya kai maka kusan dala 1,000 ta Amurka, ni haka nike gani a rasit ɗina. Sannan mai tirela da zai ɗauko ta daga hilin gwanjo zuwa tashar jirgi, shi ya sa nike tsayawa kan motocin da ke kusa da Niyu Jazi, Baltimo, Sabana ta jihar Jojiya, ko Hustan. Sannan jirgi, sannan hita tashar Lome, hanya, duwan, gyara. Ni ƙa'idata in lissafa daga baya: nawa ake saida irinta mai lahiya nan Maraɗi, in cire duk waɗannan ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage shi ne iyakar tayina kuma ban wuce shi ko da dala 25. Da miliyon 6 ni Corolla zan ba ka shawara, RAV4 za ta matse ka wurin duwan.

Makaniken Sabon Gari:

Salamu alaikum. Maigida Baban Hadiza ya gama magana kan takardu, ni bari in yi ta gareji tunda wurinmu suke ƙarewa.

Akwai wata alama da suke sa ma mota wai ron an diraib, ma'ana tana tashi tana tahiya. Mutanenmu da sun gan ta sai hankali ya kwanta. Abin da take nuhi kawai shi ne ranar da motar ta shigo hilinsu an tada ta, an sa giya, ta motsa gaba da kanta. Ba a hau titi da ita ba, ba a ce bwat ɗinta lahiya lau ba, ba a ce za ta tashi ranar da za ka ɗauka ba, kuma yadda ka gan ta haka ka saya babu mayarwa. Amfanin alamar dai shi ne jirgin roro, wanda ake tuƙa mota a shiga da ita, yawanci mai tashi yake so, wadda ba ta tashi sai kontena ko ƙarin kuɗɗi.

Abin da nike roƙon kowa, ku guji motar ruwa. Bayan guguwar Harvey a Hustan a 2017 da ta Ian a Fulorida a 2022 hilayen gwanjo sun cika da motocin da ruwa ya shanye, a hoto tsaf suke ko ƙwarzane babu, shi ya sa suke ruɗin mutane. Ruwan gishiri in ya shiga wayoyi da kwamfutar mota ba ya nuna kanshi nan take, sai ta zo nan ta sha zahin watan Afrilu da ƙura, yau gilas ya ƙi sauka, gobe fitilun tablo duk sun kama, jibi ta mutu tsakiyar hanyar Dakoro. Na yi wata ukku ina fama da wata irin wannan, na canza abu ya hi goma, daga ƙarshe mai ita ya saida ta a fiyas, har yau in na tuna abin yana min ciwo don bawan Allah ne mai iyali.

Wadda aka buga ta baya ko ta gehe, ƙofa ko farshok ko kafo, wannan aikin toliye ne da mai fenti, muna da su nan masu hannu ƙwarai. Amma in bugun gaba ya kai ga shasi, ka ga taya ɗaya ta shige ciki ko ta karkace a hoto, ko erbag duk sun fashe, ka ƙyale. Shasin da aka ja da sarƙa ba ya komawa daidai, za ta riƙa cin taya gehe ɗaya, kuma erbag ɗin da wasu ke liƙewa da gam su ruhe, wannan wasa da ran mutane ne. Ka ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, ka biya ɗan kuɗɗi a duba maka tarihinta a Carfax, kuma ka sa ta a Google don wani lokaci za ka ga an taɓa saida ta gwanjo da mummunan bugu wani ya ɗan lallaɓa ta ya maido. Kilometa ma ka lura mil suke ƙirgawa, mil 100,000 ya kai kilometa 160,000 da ɗoriya. Kai da ke saida fiyas kana da sa'a, ka san kuɗɗin fitila da radiyata na Toyota da ka, to ka tsaya kan Toyota.

Maman Abdul:

Ɗana ni dai shawarata dabam take da ta su Alhaji, ka yi haƙuri. Abin da suka faɗa gaskiya ne amma su sun daɗe a ciki suna da jarin da in ɗaya ta ɓaci wata ta rufa. Mu abin ya same mu a gida. Maigidana ya yi ritaya aka ba shi haƙƙinshi, ni ma na haɗa da kuɗɗin adashina, muka ba wani dillali da ake yabo ya sayo muna Highlander mu saida mu samu abin riƙe yara makaranta. Ya turo hotuna mota ja mai kyau, ya turo rasit, muka yi ta murna. Wata ɗaya, wata biyu, kullum jirgi bai tashi ba. Ashe takardarta irin wadda Baban Hadiza ya faɗa ce ta fiyas kawai, mai jigila ya ƙi ɗaukarta, tana zaune wani hili kuɗɗin kwana na hawa, shi kuma dillalin ya san haka tun farko bai gaya muna ba don arahar ta ruɗe shi shi ma. Daga ƙarshe can aka sake saida ta, abin da ya dawo hannunmu bai kai rabi ba, kuma da yake komi da sunanshi aka yi babu takarda ko ɗaya mai sunan maigidana, da muka je wurin hukuma aka ce mu kawo shaida ba mu da komi sai saƙon murya. Maigidana tun lokacin hawan jini ya kama shi.

Wannan cinikin biri a sama ne ɗana. Miliyon 6 gumin shekara 8 ne. Ka shiga mota ka tahi Lome, ko ka tura wanda ka yarda da shi da makanike, ka buɗe kafo ka ji ƙarar inji da kunnenka, ko da tsada ka san abin da ka saya. In kuma ka nace sai gwanjon, to don girman Allah kowace takarda da sunanka, kuma a rubuta yarjejeniya gaban shaidu kahin ka ba kowa ko dala.

Taransite Ali Ɗan Sofo:

Allah shi mayar da alheri Hajiya, abin ba daɗi. Ni aikina hidda kaya, bari in ƙara na ɓangarenmu don mutane suna tsayawa kan lasisin Amurka su manta da na gida.

Takardar jirgi, konesma, ita ce ke nuna mai kaya, ka tabbata sunanka ko na kamfaninka ke kai kuma an rubuta kayan na wucewa ne zuwa Nijar, in ba haka ba za a ɗauke ta kamar motar da za ta zauna Togo, gyaran wannan kuskure yana cin kuɗɗi da kwanaki. Akwai kuma BSC, takardar bin sawun kaya ta CNUT, hukumar masu jigilar kaya ta Nijar, a yi ta da wuri kada a bari sai jirgi ya iso. Da can Kwatano muke bi, a hito Malanbil a tsallaka gada a shigo Gaya, Doso, Konni, sai Maraɗi. Tunda aka ruhe gadar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kaya suka koma ta Lome, su ratsa Burkina su shigo ta Tera da rakiyar sojoji su sauka Yamai, daga nan kuma sauran kilometa 600 da wani abu zuwa nan. Hanya ta ƙara tsawo, jiran ayari kaɗai yana cin kwanaki, duk wanda ya ba ka lissahin da ya yi kahin 2023 ka ce ya sake.

Abin da ke ba mutane mamaki wurin duwan, suna zaton tunda sun sayi mota mai hatsari da araha to hito ma zai yi araha. Duwan ba ta tsayawa kan rasit ɗin gwanjo kaɗai, tana da nata ƙiyasin gwargwadon irin motar da shekarunta. Don haka kahin ka taya, ka kawo muna iri da shekara da lambar shasi mu tambayo maka abin da za ta ci, kyauta ne wannan. Kuma in niyyarka ka saida ma 'yan Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya kamar yadda iyayenmu suka yi arziki da shi da, ka tuna ran 1 ga Janairu 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, kada ka gina lissahinka kan wannan kasuwa.

Biyan kuɗɗi kuma ta banki ka bi daga asusun da ke da sunanka, ka je da fakti ɗin gwanjon, kuma ka yi magana da bankin tun kahin ranar don turawa waje ba ta hita rana ɗaya. Sefa da yuro a ɗaure suke, 655.957, amma dalar Amurka hawa take tana sauka, ka bar ɗan rara.

Dattijon Bagalam:

Yaro, ban ga wanda ya ambaci gwanjon gida ba. Duwan tana yin gwanjon abin da ta kama, ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji su ma suna saida tsofaffin motocinsu, ana sa sanarwa a jaridar Le Sahel ko a liƙa a ƙofar ofis. Wannan babu maganar lasisin dila, katin ɗan ƙasa ne da kuɗɗi a hannu, ana ba da ranar zuwa dubawa ka tahi da makanikenka, in ka ci ka biya nan take har da kason usiye mai gudanar da gwanjon a sama. Abu ɗaya za ka tambaya da babbar murya, an biya mata duwan ko ba a biya ba, don yawancin na ƙungiyoyi da yahiyar haraji suka shigo, wanda ya saya shi ke biya kahin a ba shi karti giri. Ni Hilux ɗin da nike zuwa gona da ita haka na same ta.

Ɗan Zariya:

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah shi bar zumunci. Hajiya Allah shi ba Baba lahiya ya mayar muku da abin da ya hi, maganarki ta tsaya min a rai, na karanta ma mai ɗakina ita ma ta ce in bi a hankali. Mai jika 300 na ce mishi ya turo lambar lasisin da sunan jihar in duba, tun jiya bai amsa ba.

Na ɗauko rajistata na duba, saida fiyas kaɗai aka rubuta, ran Litinin in sha Allahu zan tahi Shambar in ji yadda ake ƙara shigo da motoci. Kahin nan ba zan taya komi ba, zan dai riƙa shiga gwanjon da la'asar ina kallon inda farashin Corolla ke tsayawa ina rubutawa a littahi. Malam Taransite zan biyo ofis da lambar shasin wata ta 2014 da na gani a Sabana, bugun baya ne, takardarta salbej ta Jojiya, makulli na nan. Yaya Baban Hadiza in na turo maka hotunanta ka duba min kai da makanike?

Baban Hadiza:

Turo su duka har da na ƙarƙashi da na cikin but in akwai, da hoton layin takardar. Bayan isha'i ina gida.